Layi Na Biyu A Takardar Gwaggo

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ake komawa. A makon jiya kiran ya zo kan Gwaggo, ƙanwar mahaifina. An sallace ta a Harami bayan la'asar, muka raka ta makwancinta, muka dawo Hindawiyya muka jera kujeru a lungu don karɓar gaisuwa tsakanin magariba da isha'i, kwana uku, kamar yadda ake yi a nan Makka.

Gwaggo ba ta haihu ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, saboda haka yayana ya ce kujeru kaɗan za su wadatar, dangi ne kawai za su zo. Tun a daren farko aka koma aro daga maƙwabta. Tsofaffin unguwa suka zo, wasu ana riƙe da su. Bayamanen da ke gasa burodin tamis a bakin titi ya rufe tandarsa ya zo ya zauna har aka tashi. Matata ta ce a cikin gida an ga mata 'yan Burma da ba wanda ya san ta inda suka san Gwaggo. Ta kuma ba ni labarin wata tsohuwa da ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share ido ta ce wa matan:

"Shekara goma sha biyu matar nan tana ƙwace mini sukari. In ta shigo, ko gaisuwa ba ma gamawa sai ta ɗauke gwangwanin ta jefa a jaka. Na koma ɓoye shi cikin buhun shinkafa, ta tono shi. Yau da safe na zuba cokali uku a shayi, babu mai hana ni, wallahi na kasa haɗiyewa."

Aka yi dariya, aka koma kuka.

A rana ta biyu aka kawo Baba tela, tsohon maƙwabcinmu, yana dogara sanduna biyu, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe an kama ta da fil. Da ya zo kaina sai ya jingina sanda ɗaya a kafaɗarsa ya riƙe hannuna da ƙarfi.

"Kai ne magajinta, ɗan nan. Kai ka karanci magani. Allah ya ba ka irin hannunta."

Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, idona a ƙasa. Na yi niyyar rubuta wa Gwaggo abin da zai hana a manta da ita, amma tun daga wannan riƙon hannu na san ba zan iya rubuta labarinta da gaskiya ba sai na sa nawa a ciki, domin ina da hannu a naɗewar ƙafar wandon nan.

Kakanmu ya baro ƙasar Kano a ƙasa, ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga kafin ya ƙetaro teku. A can aka haifi Gwaggo, a goye ta shigo Makka. Sunan kakan nan aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini, tun ina rarrafe har na yi furfura. Lokacin da ta ce za ta shiga makarantar koyon jinya, mahaifina ne ya fi kowa tada jijiyar wuya. Ya ce 'yar gidan mutunci ba ta taɓa jikin ƙattin da ba ta sani ba. Innata ta sha ba ni labarin amsar da Gwaggo ta ba shi, tana tsugune a gabansa cikin ladabi: "Yaya, ranar da ka kwanta, 'yar gidan marasa mutunci kake so ta juya ka?" Wata uku bai amsa gaisuwarta ba. Shekaru arba'in bayan haka ita ce ta yi jinyarsa, kuma ban taɓa jin ta tuna masa ba.

Fiye da shekara talatin ta yi tana aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa, irin wanda muke kira mustausaf. Aikin ma'aikaciyar jinya yana da iyaka a rubuce. Za ta auna jini da sukari, za ta yi allura, za ta wanke ciwo ta ɗaure. Ba za ta faɗi sunan cuta ba, ba za ta rubuta wasfa ba, wato takardar da ake kai wa mai sayar da magani, ba za ta ƙara ko rage ƙwaya ɗaya ba. Wannan na likita ne, ko da likitan jiya ya baro makaranta, ko da bai jin kalma ɗaya ta yaren wanda ke zaune a gabansa. Likitoci suka yi ta zuwa suna tafiya, ita tana nan.

Tana da wata ɗabi'a da ta sa muke yi mata dariya muna yara. In ta je gidan mutane, sai ta tsaya a ƙofa ta duba takalman da aka cire kafin ta yi sallama. Daga yadda dunduniyar silifa ta cinye take gane wanda ya fara ɗingishi yana ɓoyewa. Ta shiga ta ce, "Mai baƙin takalmin nan, miƙo ƙafa." Takan ce bakin tsoho yana ƙarya don kada ya wahalar da 'ya'yansa, amma ƙafarsa ba ta iya ba. Ta ce a aikin Hajji ta koyi haka, shekarun da ake tura su Muzdalifa, inda gari kan waye ta tarar da tsofaffin da motoci suka bari suna zaune a bakin hanya, kowa na cewa lafiya lau, tafin ƙafa kuwa ya saluɓe.

Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun haɗa magunguna, na je wurinta a mustausaf wani hutu. Aka shigo da wata dattijuwa Bazabarma da ke jin Hausa amma ba ta jin Larabci. Gwaggo ce tafinta. Matar ta ce kasala ke damunta, numfashinta ba ya isarta in ta kwanta. Likitan, saurayi ne da bai girme ni da shekara biyar ba, ya jawo takarda ya fara rubuta maganin ƙarin jini. Gwaggo ta durƙusa, ta danna yatsa a ƙaurin matar, ramin ya zauna bai cike ba. Sai ta ɗago ta ce masa da Larabci, cikin muryar ɗaliba:

"Daktur, wannan kumburin ban gane shi ba. Ko za ka koya mini?"

Ya leƙo, ya ɗauki abin sauraren ƙirji. Bayan ɗan lokaci ya yaga takardar farko, ya rubuta a kai ta babban asibiti a duba zuciyarta, sannan ya yi wa Gwaggo dogon bayani a kan ruwan da ke taruwa a ƙafa. Ta yi ta gyaɗa kai tana cewa ma sha Allah.

A hanyar gida raina a ɓace na ce mata, "Gwaggo, ke fa kin san abin tun matar tana bakin ƙofa. Me ya sa za ki mai da kanki jahila a gaban yaron nan?"

"Alƙalamin a hannun wa yake?"

"A hannunsa."

"To. In na nuna masa na sani, zai so ya nuna mini ya fi ni sani, kuma a jikin tsohuwar nan zai nuna. Ni me ya ragu a jikina? Sayo mana lemo, Babana, maƙogwarona ya bushe da ma sha Allah."

Ban fahimce ta ba a lokacin. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne ni ba zan taɓa zama a inda sai na yi tambaya a kan abin da na sani ba. Na gama karatu, na sami lasisi, na zama saidali, wato mai haɗa magani, ina kula da wani babban kantin magani a Aziziyya. A wata walimar suna, wani baƙo ya ce ya ji a gidanmu akwai likita mace. Na ce, a gaban mutane, "A'a, allura take yi." Tana bayan labule tana raba abinci. Ban san ko ta ji ba, amma farantina ya zo da nama fiye da na kowa.

Da ta yi ritaya sai aikin ya biyo ta gida. A unguwarmu akwai mutanen da takardar zamansu, iƙama, ta mutu a hannunsu saboda dalilai iri-iri, akwai kuma waɗanda ba su taɓa samunta ba. Irin waɗannan ba sa zuwa asibiti sai an ɗauke su ranga-ranga, don tsoron tambayar da za ta biyo bayan magani. Su Gwaggo take zagayawa bayan la'asar da baƙar jakarta. Ta auna, ta wanke, ta ɗaure, ta yi faɗa. Wanda ya kamata ya ga likita ta zauna ta lallashe shi, ta koya masa abin da zai fara faɗa da wanda zai nuna, sau da yawa ta raka shi. Iyakar da aka shata mata tun tana aiki kuwa ba ta ƙetare ta ba, ko da babu mai ganinta. In aka ce ta faɗi maganin da za a saya sai ta ce, "Ba a ba ni wannan ba." Takardun da take aiko mini kanti ba su wuce na bandeji da auduga da tsinken awon sukari ba.

Sau ɗaya tak ta rubuta mini sunan magani.

Baba tela ya shigo ta Chadi tun yana saurayi. Wanda yake riƙe da takardunsa ya rasu, magada suka watse, iƙamarsa ta mutu. Yana da ciwon sukari, yana kuma ɗinki da keken ƙafa a ɗan shagon da ke jikin ɗakinsa. Wata allura da ta faɗi ƙasa ta soke shi a tafin ƙafar dama, bai ji ba sai da wurin ya ruɓa. Wannan ya faru shekara shida da suka wuce, ana saura kwana huɗu a fita Mina.

Wanda ya san Aziziyya a irin waɗannan kwanaki ya san yadda kantinmu yake. Alhazai tun daga teburin kantin har titi, kowa da tari, kowa da yarensa. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe na ɗaga kai na ga matar Baba tela a cikin layi. Tsohuwa ce, ta biya tasi tun daga Hindawiyya a cikin wannan cunkoso, ta bi layi kamar kowa. Da ta iso ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Gwaggonka ce ta aiko ni." Abokan aikina biyu suna gefena. Na amsa mata da Larabci.

Layi biyu ne a takardar. Na farko sunan wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ne mai ƙarfi, wanda doka ta hana a bayar sai da wasfar likita. Na biyu ya ce: "In ba zai yiwu ba, ka zo da abokinka likita ya ga ƙafar, yau." Ta ja layi a ƙarƙashin yau.

Ina da abokin. Tare muka yi sakandare, gidansa bai fi tafiyar minti goma daga kantin ba, kuma ya sha ce mini in wata larura ta taso a unguwarmu in kira shi. Ina da mota. Ana tashina daga aiki da la'asar.

Na juya takardar na rubuta a bayanta, "Sai da wasfar likita." Na sa bandeji da ruwan wanke ciwo a leda na miƙa wa matar. Ta dubi ledar, ta dube ni, ta ce da Hausa a hankali, "Shi ke nan saƙon?" Na ce mata da Larabci wannan shi ne nizami, wato ƙa'ida. Na kira na bayanta.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa abin da na yi daidai ne, kuma rabinsa daidai ne. Har gobe ba zan ba da wannan magani babu wasfa ba. Na ga abin da shan sa barkatai yake jawowa, na san dalilin da ya sa aka tsaurara, kuma lasisina shi ne abincin 'ya'yana. Ina jin ana muhawara a wasu ƙasashe a kan a bar ƙwararrun ma'aikatan jinya su riƙa rubuta wasu magunguna, musamman inda likita ya yi wa mutane nisa. Da ina saurayi da na ce a'a kai tsaye. Yanzu in na tuna matar da ta shekara talatin tana yi wa likitoci tambayar abin da ta sani, sai bakina ya yi nauyi. Ban san inda ya kamata a ja iyakar ba, na dai san inda aka ja ta ya bar mutane da yawa a waje. Amma duk wannan zancen layin farko ne. Babu dokar da ta hana ni ɗaga waya. Na ce a raina bayan Hajji zan leƙa, hanya ta cushe, abokina ma yana cikin aiki, kuma ai Gwaggo tana wurin. Gaskiyar da ta fi waɗannan ita ce ban so abokina ya shiga lungun nan ya ga ɗakin mutumin da ba shi da takarda, ya san daga inda na fito, ya kuma san na sa shi cikin abin da zai iya jawo tambaya. Mace da ba ta taɓa rubuta sunan magani ba ta rubuta. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mini yadda ƙafar take. Na gane, na yi kamar ban gane ba.

Kwana tara Gwaggo tana wanke ƙafar safe da yamma, tana roƙonsa ya yarda a tafi asibiti, yana cewa gara ya mutu a ɗakinsa da a mai da shi ƙasar da ba ya da kowa a cikinta. Maganar likita wataƙila da ta motsa shi, don tsofaffinmu suna jin maganar namiji mai farar riga fiye da ta matar da suka sani tun tana yarinya. A rana ta tara zazzaɓi ya gusar masa da hankali, ta tari tasi da kanta ta kai shi sashen gaggawa. An karɓe shi, an yi masa abin da ya dace, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ba a kore shi daga ƙasa ba. Keken ɗinkin yana nan a shagon an rufe shi da zane.

Daga baya na tambayi abokina, ba tare da na faɗi ko wane ne ba, ko kwana tara suna iya raba ƙafa da mai ita. Ya ce Allah ne masani, amma da zai so ya gan ta a rana ta farko.

Gwaggo ba ta ce mini komai ba. Ta ci gaba da ce mini Babana, ta ci gaba da aiko wa 'ya'yana kunun gyaɗa da azumi. Abu ɗaya ne ya canja: takardunta na bandeji suka koma wani kanti. Shekara shida ina jiran ta yi mini faɗa in sami abin da zan kare kaina da shi, ta ƙi.

Ciwon da ya tafi da ita a ƙashi yake, kuma mai zafi ne. Wata rana bayan azahar ina zaune a gefen gadonta a asibiti, ciwon ya taso mata kafin lokacin allura. Ba ta yi ƙara ba, sai dai ta kama ƙarfen gado har jijiyoyin hannunta suka fito. Na kira ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin, budurwa ce da ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta duba ta ce ita ma tana ganin ya kamata a ƙara, amma sai likita ya sa hannu, ta kira shi sau biyu yana wurin wani mara lafiya. Na miƙe na fara ɗaga murya. Na ciro katin aikina na nuna mata, na ce na san maganin, na san adadin, ita ma ta sani, wane irin tsari ne wannan da za a bar tsohuwa tana murƙususu saboda sa hannu.

Gwaggo ta saki ƙarfen ta ɗaga yatsa. Ta ce wa yarinyar da Larabci, "Kin yi daidai, 'yata." Yarinyar ta fita da sauri. Muna jin takunta a kan matakala, ba ta ko jira na'urar hawa ba.

Sai Gwaggo ta juyo da Hausa, tana yi tana hutawa.

"Zauna. Ka ga yarinyar nan? An hana ta alƙalami. Ba a hana ta ƙafa ba. Ga ta can ta tafi ta taho da shi."

Na zauna.

"Layi biyu na rubuta maka, Babana."

"Na gani, Gwaggo."

"Na san ka gani. So nake in ji a bakinka."

"Duka biyun na karanta. Na amsa na farko, na bar na biyu."

Ta lumshe ido har na zaci ciwon ne ya dawo. Sannan ta ce, "Na farkon laifina ne. Tsoro ne ya kama ni na rubuta abin da ba a ba ni ba. Da ka hana, ban ji haushi ba. Na biyun na zauna a ƙofar shagon nan har aka kira isha'i, duk motar da ta shigo lungu sai in miƙe."

Na durƙusa a gefen gadon, ina da shekara hamsin, na ce ta yafe mini.

Ta ɗora hannu a kaina ta bar shi a nan. Ta ce, "Ni ƙafata biyu. Ba ni za ka roƙa ba."

Likitan ya shigo yana haki, yarinyar tana bayansa, aka yi allurar, ta sami barci. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ta cika, ba mu sake tada maganar ba.

Matar Baba tela ta san abin da ya faru a kantin. Ko ta gaya masa, ban sani ba. Tun da aka tashi daga zaman makoki sau biyu ina ajiye mota a bakin lungunsu bayan la'asar, sau biyu ina tada ta in wuce.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya mata makwanci gwargwadon ciwukan da ta sanyaya wa bayinsa, ya karɓi tafiyar da ta yi a lungunan nan a matsayin ibada, ya yafe mata layin da ta kira laifinta. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, ina roƙonsa ya ƙara ɗaya a kaina, Allah ya ba ni ikon fitowa daga motar.